Kwamin Baftisma na Dutse a Majami'un Gunduma na Turai: Shaidar Iko da Zama Ɗan Gari, 1050–1660

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kwamin baftisma na dutse, wato mazubin ruwan da ake tsoma jarirai a cikinsa a majami'un Turai, musamman na Ingila, daga tsakiyar ƙarni na 11 zuwa tsakiyar ƙarni na 17. Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a kansa sun karkata ne ga adon sassaƙa da salon masassaƙa. Ra'ayin da aka gina maƙalar a kai shi ne, kwamin hujja ce ta iko, domin shi ke bambanta majami'ar da ke da jama'arta da kuɗin shigarta daga ɗakin sujadar da ke ƙarƙashin wata. An bi tarihinsa ta dokokin sarakuna da na bishop-bishop da kuma kwamayen da suka saura. An kwatanta shi da mumbarin masallacin Juma'a a ƙasar Hausa, sannan aka dubi makomar wanda aka raba da garinsa aka kai birnin New York.

Fitilun kalmomi: kwami, baftisma, gunduma, ushiri, mumbari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga tsohuwar majami'ar ƙauye a Ingila, abin da zai fara cin karo da shi daga bakin ƙofa, ta ɓangaren yamma, shi ne wani dutse da aka fafe, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, bakinsa kuma ya isa a tsoma jariri. Sau da yawa wannan dutse ya girmi ginin da yake ciki. A rushe bango a sake, a ɗaga rufi, a faɗaɗa tagogi, shi yana nan inda yake. Francis Bond, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan waɗannan duwatsu da murafensu a 1908, da C. S. Drake, wanda ya bi na arewacin Turai ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 2002, sun yi aiki mai yawa wajen rarrabe su gida-gida bisa siffa da ado. Tambayar da ta fi jan hankalin mai wannan nazari ita ce, me ya sa ƙauyukan da mazaunansu ke kwana a ɗakunan itace da ciyawa suka ɗauki wahalar jawo dutse mai nauyin gaske, wani lokaci ma daga ƙetaren teku, saboda ibadar da ƙwarya guda ta ruwa ta isa a yi ta?

Akwai buƙatar bayanin wasu kalmomi. Baftisma kalma ce da Kiristoci Hausawa suka daɗe da sani, tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, kuma tana nufin wankan shigar da mutum cikin addinin Kirista. Mazubin ruwan kuwa an kira shi kwami a nan, domin ya fi kama da kwamin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya fiye da kwatarniya ko daro. Za a ga nan gaba cewa wasunsu ma sun taɓa yin wannan aikin na shayarwa. Gunduma kuma ita ce yankin ƙasa mai iyaka wanda duk mazauninsa yake ƙarƙashin majami'a ɗaya da limami ɗaya, ko ya so ko ya ƙi.

2.0 Daga Tafki Zuwa Kwami

A farkon Kiristanci manya ake yi wa baftisma, bishop ne ke jagorantar ta, kuma a babban birni ake yi, galibi a daren Ista. Wurin yin ta tafki ne da aka gina a ƙasa, mai matakala, mutum ya sauka ya fito. Kyawawan misalan da suka saura da dama a Afirka suke: tafkin da aka samo kusa da Kelibia, na ƙarni na 6, wanda aka lulluɓe da adon ƙananan duwatsu masu launi, yana gidan tarihi na Bardo a Tunis, akwai kuma irinsa a kangon Sbeitla. A cikin irin wannan tafki, mai kusurwa takwas, Ambrose ya yi wa Augustine baftisma a Milan a shekarar 387.

Wannan Augustine ɗin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo, Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, shi ne ya ƙarfafa koyarwar da ta sauya siffar mazubin. A ganinsa kowane ɗan Adam ana haifarsa da zunubin gado, baftisma ce kaɗai ke wanke shi. Idan haka ne, a zamanin da mutuwar jarirai ta zama ruwan dare, babu uwar da za ta jira Ista, babu kuma uban da zai yi tafiyar kwana biyu zuwa wurin bishop. Sarki Ine na Wessex, wanda ya yi mulki daga 688 zuwa 726, ya sa doka cewa a yi wa jariri baftisma cikin kwana 30, wanda ya saɓa ya biya tarar sule 30, in kuwa yaron ya mutu ba a yi masa ba, to dukiyar mai laifin kaf ta tafi. Jariri ba ya sauka matakala. Saboda haka tafki ya tashi daga ƙasa ya hau gindi, ya tsuke, ya koma daidai hannun limamin da ke tsaye.

Duk da haka, kwamayen dutse da suka girmi ƙarni na 11 'yan kaɗan ne a Ingila. Wanda aka fi ambata shi ne na Deerhurst, mai adon zane murɗaɗɗe, wanda ake kai shi ƙarni na 9. John Blair, a nazarinsa na majami'ar Ingila kafin zuwan Normawa, ya nuna cewa kafin lokacin da gangar itace ko mazubin darma ake amfani. Hujjar tana jikin duwatsun kansu: da yawa daga cikin na farko an sassaƙa su tamkar ganga, har da zoben da ke ɗaure ta, ko igiyar da aka naɗa mata. Masassaƙi ya kwaikwayi abin da ido ya saba gani, ko da yake dutse ba ya buƙatar ɗauri.

3.0 Wa Ke da Ikon Ajiye Kwami?

A Ingila ta ƙarni na 8 da na 9, manyan majami'u kaɗan ne ke riƙe da yankuna masu faɗi, limamansu na fita rangadi ƙauyuka. Daga ƙarni na 10 sai iyayen ƙasa suka shiga gina ƙananan majami'u a filayensu, kusa da gidajensu. Nan take rigimar kuɗi ta taso. Dokar Sarki Edgar, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, ta ce ushirin amfanin gona na tsohuwar uwar majami'a ne, amma uban ƙasar da majami'arsa ke da maƙabarta yana iya ba ta kashi ɗaya cikin uku na nasa ushirin. Wato darajar majami'a da rabonta sun rataya ne ga irin hidimar da aka yarje mata ta yi. Hidimomin da suka fi kowanne nauyi biyu ne, karɓar mutum ranar da ya zo duniya da binne shi ranar da ya bar ta.

Tsakanin wajejen 1050 da 1150 aka sake gina dubban waɗannan ƙananan majami'u da dutse, kuma a daidai wannan lokaci ne kwamayen dutse suka bazu kamar wutar daji. Lokacin da aka yi ƙididdigar harajin Fafaroma Nicholas na IV a 1291, majami'un da aka lissafa a Ingila da Wales sun haura 8,000. Ba a banza waɗannan abubuwa biyu suka zo tare ba. Ganga ana iya ɗauke ta, uwar majami'a na iya aiko da ita ta kuma janye ta. Dutsen da aka kafa a kan daɓe, aka huda masa magudana ta ƙasa don ruwan ya tsiyaye cikin ƙasar da aka tsarkake, ba ya zuwa ko'ina. Uban ƙasar da ya kafa shi yana shaida wa makwabta cewa 'ya'yan talakawansa a nan za a karɓe su, a nan za su yi aure, nan kuma ushirinsu zai zo.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba in ya tuna da mumbari. Masallatan unguwa na salloli biyar ba su ƙirguwa, kowane mai hali na iya gina ɗaya a ƙofar gidansa. Masallacin Juma'a kuwa sai da izinin sarki, kuma a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, asali shi ne Juma'a ɗaya a gari, in aka yi biyu ba da larura ba to ta tsohon masallaci ce ingantacciya. Tsawon ƙarnuka birnin Kano da masallacin Juma'a ɗaya aka san shi, Sakkwato mai Masallacin Shehu da Masallacin Bello ita ce ta fita daban. Ƙauyen da ya nemi a kafa masa mumbari yana neman a san da shi ne a matsayin gari mai cin gashin kansa, shi ya sa irin wannan roƙo ke jawo ja-in-ja da garin da a da ake zuwa Juma'a cikinsa. Haka abin yake ga kwami. Takardun bishop-bishop da na fadar Fafaroma cike suke da koke-koken mutanen ƙauyuka masu ɗakin sujada kawai, suna cewa kogi na cika da damina, hanya ta yi nisa, jarirai na mutuwa a kan hanya, a ba su izinin kwami da maƙabarta. Uwar majami'a kuma ta tsaya kai da fata, domin kowane izini ragi ne a rumbunta. Irin wannan riƙo na iya daɗewa ƙwarai: Liverpool ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba sai a 1699, kafin nan tana ƙarƙashin ƙauyen Walton.

Kwatancen yana da iyaka. Mumbari na tara balagaggu mako-mako, kwami kuwa sau ɗaya mutum ke shiga cikinsa, a lokacin da bai san kansa ba, kuma ba a maimaitawa. Ta fuskar jariri ya fi kusa da ranar suna, tunda a bakin kwamin ake raɗa sunan yaro a gaban shaidu.

A arewaci da tsakiyar Italiya abin ya ɗauki wata hanya, kuma bambancin na ƙara fito da ma'anar. A can birane sun riƙe tsohon tsarin wuri ɗaya, suka gina masa ɗaki na musamman a gaban babbar majami'a: na Pisa an fara shi a 1152, na Parma a 1196. Duk ɗan Florence a ɗakin San Giovanni ake tsoma shi, ko daga wace unguwa ya fito. Marubucin tarihin birnin, Giovanni Villani, ya ba da labarin yadda limamin wurin ke ƙirga haihuwa da wake, baƙi ga namiji, fari ga mace, har ya kawo adadin 5,500 zuwa 6,000 a shekara a wajejen 1338. A Florence kwami ɗaya ya haɗa birni guda. A Ingila dubban kwamaye sun yanka ƙasar gunduwa-gunduwa.

4.0 Dutse, Fatauci da Masassaƙa

Tunda kwami alamar daraja ce, mai hali ya nemi wanda ya fi na makwabcinsa. A ƙarni na 12 garin Tournai, a bakin kogin Scheldt cikin ƙasar Beljiyam ta yau, yana da mahaƙar wani baƙin dutse da ke ɗaukar gogi har ya yi sheƙi. A can ake sassaƙa kwamin a gama, mai kusurwa huɗu a kan ginshiƙi ɗaya babba da ƙanana huɗu, a ɗora a jirgin ruwa. Bakwai daga cikinsu suna Ingila har yanzu, huɗu a lardin Hampshire kaɗai: babbar majami'ar Winchester, East Meon, St Mary Bourne da St Michael ta Southampton. Wannan taruwa a wuri ɗaya ta sa masana ke danganta su da Henry na Blois, ƙanin Sarki Stephen, wanda ya riƙe kujerar bishop na Winchester daga 1129 zuwa 1171, mutum mai dukiya da son kayan ƙawa. East Meon ƙauye ne, amma gandun bishop ne, shi ya sa ya sami kwami irin na birni, an zana masa labarin Adamu da Hauwa'u tun daga halitta har korarsu daga gonar Aidan. Na Winchester na ɗauke da labarin waliyyi Nicholas, kuma masu tarihin jiragen ruwa na yawan ambatonsa, saboda jirgin da ke jikinsa na cikin zane mafi daɗewa a Turai da ke nuna katakon juya jirgi a maƙale ta baya.

Masu matsakaicin ƙarfi sun sayi na Purbeck da ke Dorset, waɗanda ake fitarwa da yawa a kan fasali ɗaya, ba su da wani ado sai jerin bakuna marasa zurfi. A tekun Baltik kuwa tsibirin Gotland ne ya riƙe kasuwar, kwamayensa suka isa Suwidin da Denmak da gaɓar Jamus.

Wani abin lura shi ne yawan masassaƙan da suka bar sunansu a jikin kwami, a zamanin da mai aikin hannu bai cika sa suna ba. Sigraf na Gotland ya rubuta nasa da tsoffin haruffan mutanen arewa a kwamin Aakirkeby da ke tsibirin Bornholm. A Bridekirk, can arewa maso yammacin Ingila, wani Richard bai tsaya ga suna ba, har siffar kansa ya sassaƙa, riƙe da guduma da kurfi, yana cikin aiki. A ƙasar Hausa ma maginin da sunansa ya fi tsira shi ne wanda ya yi aikin wurin ibada, Babban Gwani Muhammadu Durugu, mai masallacin Juma'ar Zariya na zamanin Sarki Abdulkarimu. A ganin mai nazari, aikin da jama'a suka san zai daɗe shi ne ke ba mai sana'a ƙarfin halin cewa ni na yi.

Adon kansa ba na lallashi ba ne. A Eardisley da ke Herefordshire an sassaƙa mayaƙa biyu suna sukar juna, da zaki, da Almasihu yana fizgo mutum daga hannun mutuwa. A Castle Frome kwamin na danne wasu halittu da ke durƙushe a ƙarƙashinsa. Wannan ya dace da yadda ibadar take: tun a ƙofar majami'a limami ke fara korar shaiɗan daga jikin jariri, ya sa masa gishiri a baki, kafin a shigo da shi. A fahimtarsu yaƙi ake yi a kan ran yaron.

5.0 Kwaɗo da Makulli

Ruwan kwami ba a ɗebo shi don kowane jariri. Ana tsarkake shi da addu'a mai tsawo a jajibirin Ista da na Fentikos, a zuba masa mai mai tsarki, a bar shi a ciki. Don kada dutse ya tsotse shi ake shafe cikin kwamin da darma. Ruwan da aka yi wa irin wannan addu'a kuwa, a idon talaka, magani ne, kuma abin da ke magani yana iya zama makami. Dokokin da Bishop Richard Poore ya kafa wa yankin Salisbury a wajejen 1217 zuwa 1219, waɗanda wasu bishop-bishop suka kwafa daga baya, sun umarci kowace majami'a mai ikon baftisma ta tanadi kwamin dutse, a kuma riƙa kulle shi saboda masu sihiri. Har yau in aka shafa leɓen tsohon kwami akan ji gurbin ƙarfen da ake maƙala kwaɗo, ko tsagar da ƙarfen ya yi lokacin da ya yi tsatsa ya kumbura. Mai bincike na amfani da wannan tabo wajen gane cewa kwamin ya riga zamanin Furotesta. Wanda ya san yadda ake rububin ruwan rubutu ko ƙasar kabarin waliyyi a wurarenmu ba zai yi wa mutanen Salisbury dariya ba.

Dokokin sun kuma yi tanadin larura. In jariri ya zo a galabaice, ungozoma ko uba na iya yi masa baftisma a gida, kuma wajibin limami ne ya koya wa jama'arsa kalmomin da harshensu. John Mirk ya nanata wannan a littafin da ya rubuta wa limaman gunduma a wajejen 1400. Amma ruwan da aka yi amfani da shi sai a zuba a wuta ko a kai shi kwamin majami'a, mazubin kuma a ƙone shi ko a ba majami'a. Ko da larura ta fitar da ibadar daga hannun limami, ragowarta sai ta koma gunduma.

A bakin kwami ake ƙulla wani irin zumunci. A al'adar Ingila yaro namiji na da iyayen baftisma maza biyu da mace ɗaya, yarinya kuma akasin haka. Wanda ya ɗago jariri daga ruwa ya zama danginsa a shari'ar majami'a, aure ya haramta tsakaninsu, haramcin da tun a 530 Sarki Justinian ya sa shi cikin doka, daga baya kuma ya faɗaɗa ya shafi iyayen yaron. Mafi kusa da wannan a fiƙihun Musulunci shi ne 'yan'uwantakar shan nono: dangantaka ce da ba ta jini ba, amma tana hana aure kamar ta jini. A ƙauye mai gida hamsin, tuna wa ya riƙe ɗan wa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Kuma tunawar ce kawai madogara, domin sai a 1538 Thomas Cromwell ya umarci kowace gunduma ta buɗe littafin rajistar baftisma da aure da jana'iza. Kafin nan, in magajin wani babban mai ƙasa ya ce ya cika shekara 21 a ba shi gadonsa, sai a tara dattawan gari su rantse. Bayanansu sun saura da yawa. Wannan ya ce ya tuna domin shi ya riƙe kyandir a bakin kwami ranar, wancan ya ce shi ya ɗauko gishiri, wani ya ce a makon ne ya karye a ƙafa. Masana sun lura cewa magatakarda kan maimaita wasu amsoshin daga shari'a zuwa shari'a, don haka ba kowace za a ɗauka a kan fuskarta ba. Amma tsarin kansa ya nuna inda hukuma ta ɗauka rayuwar mutum ta fara.

6.0 Rushewa da Dawowa

A ƙarni na 15 siffa mai kusurwa takwas ta rinjayi sauran. A Norfolk da Suffolk, inda cinikin ulu da tufa ya kawo arziki, aka sassaƙa kwamaye kimanin 40 masu nuna ibadodi bakwai na Katolika, ɗaya a kowace fuska. Takardun kuɗin na East Dereham, na 1468, suna nan, na Walsoken kuma na ɗauke da shekarar 1544. Ann Eljenholm Nichols ta yi hujja da cewa raddi ne ga mabiyan John Wyclif, waɗanda ke musun ƙarfin waɗannan ibadodi, kuma a wannan yanki suka yi ƙarfi.

Da Furotesta suka karɓi ragama, masu tsananin ra'ayi cikinsu suka so a yar da dutse a koma ga ɗan daro kusa da wurin wa'azi. Sarauta ta ƙi. Umarnin Sarauniya Elizabeth na 1561 ya hana ɗauke kwami daga mazauninsa, dokar majami'a ta 1604 ta sake jaddada kwamin dutse a inda aka saba. Sarauniyar da ta yarda a kawar da gumaka ta tsaya wa kwami, domin gunduma ita ce ƙashin bayan mulkin ƙauye, ta nan ake tara kuɗin talakawa da gyaran hanya. Yaƙin basasa ne ya karya wannan kariya. A 1643 da 1644 William Dowsing ya zaga majami'un Cambridgeshire da Suffolk da izinin ɓangaren majalisa yana farfasa siffofi, yana rubuta abin da ya yi kullum. Fuskokin da aka daddatse a kwamayen yankin aikin irin wannan zamani ne da na Sarki Edward na VI kafinsa. Dogon murfin katako na Ufford, wanda ya haura mita biyar, ya gan shi ya kwatanta shi da kambin Fafaroma, amma ya tsira. A 1645 sabon littafin tsarin ibada ya hana yin baftisma a inda kwamaye suke a da, aka fitar da da yawa waje. Da sarauta ta dawo a 1660, gundumomi suka shiga neman nasu, waɗanda ba su samu ba suka sassaƙa sabo, shi ya sa ake yawan ganin 1661 da 1662 a jikin kwamaye.

Ɓarnar da ta biyo baya ta masu gyara ce. A ƙarni na 18 da na 19 an sauya tsoffin kwamaye masu kaushi da sababbi masu kyan gani, tsoffin suka koma lambun gidan limami ana shuka fure a ciki, ko gona ana shayar da dabbobi. Na Deerhurst a gona aka tsinto shi a ƙarni na 19 kafin a mai da shi gida. Na Potterne, mai ayar Zabura ta 42 da Latin a leɓensa, a ƙarƙashin daɓen majami'ar aka tono shi a 1872. David Stocker ya nuna cewa irin wannan binnewa da gangan mutanen da suke yi: in sabon kwami ya zo, sai a binne tsohon a cikin majami'a, sau da yawa a ƙarƙashin magajinsa, kamar yadda ake binne mutum. Wannan na jan kunnen mai tarihi ta fuska biyu. Kwami na iya shaida cewa majami'a ta girmi gininta, amma tunda an san wasu sun yi yawo daga gari zuwa gari, ba a kafa tarihin wuri a kansa shi kaɗai sai an haɗa da takarda ko tono.

7.0 Kwami a Ƙasar da Ba Gunduma

Wasu sun yi tafiyar da ta fi ta gona nisa. A ƙarshen arewacin Manhattan akwai gidan tarihi na Cloisters, reshen gidan tarihi na Metropolitan, wanda aka buɗe a 1938 da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, aka gina shi da sassan gine-ginen ibada da aka sayo daga Turai. A cikinsa akwai kwamin baƙin dutse na ƙarni na 12 daga Wellen, wani ƙaramin gari a lardin Limburg na Beljiyam. Baƙo na iya zaga shi ya duba sassaƙar da kyau fiye da yadda mutanen Wellen suka taɓa gani a cikin duhun majami'arsu. Abin da ba zai gani ba shi ne ƙofar da kwamin ke tsaro, da iyakar gonakin da ushirinsu ke bin sa.

A ɗaya ƙarshen birnin, a tsibirin Staten, akwai unguwar Park Hill, inda mai wannan nazari yake zaune, wadda 'yan Laberiya suka cika tun bayan yaƙin basasar ƙasarsu da ya ɓarke a 1989, tare da sauran 'yan Afirka ta Yamma, Kirista da Musulmi. A New York majami'u da masallatai da yawa na baƙin haure a shagunan haya suke, ko a ɗakunan ƙasa na dogayen benaye. Jama'arsu ba iyakar ƙasa ta tara su ba. Harshe ne, ko garin asali, ko son wa'azin wani malami, kuma mutum na iya wuce wurin ibada goma a mota kafin ya isa nasa. Babu dokar da ta ɗaure shi da na kusa, babu ushirin da hukuma ke karɓar wa kowa. Wanda yarjejeniyar hayarsa za ta ƙare bayan shekara biyu ba ya kafa dutsen da sai an fasa daɓe kafin a ɗaga shi. Majami'un da ke yi wa manya baftisma sukan nemi tafkin roba da ake naɗewa, ko su jira bazara su nufi bakin teku, masu yi wa jarirai kuma daro ya ishe su. Shaidar haihuwar yaron tana ofishin lafiya na birni.